Mai mota da ambiriyajinsa: yadda ake canza shi a gida

Duk wanda ya daɗe yana riƙon mota a ƙasar nan ya san akwai ranar da zai taka mai, injin ya yi ruri kamar zai tashi sama, amma motar tana jan jiki tamkar jakin da aka labta wa gero fiye da kima. In ya ƙara matsa mata, sai wani ƙauri ya shigo masa ta taga. Haka ambiriyaji ke sanar da tsufansa. Maƙwabtanmu na Najeriya kuloci suke ce masa, abin dai ɗaya ne.

Shin mutum yana iya canza shi da kansa a ƙofar gida, ba sai ya kai garaji ba? Yana iyawa, in yana da kayan aiki, da mataimaki mai ƙarfi, da yini ɗaya ko biyu da babu wata sabga a gabansa. Sai dai ya kamata ya san tun farko inda nauyin aikin yake. Ɗaura sabon ambiriyaji abu ne na ɗan lokaci. Isa wurinsa shi ne wahala, domin yana ɓoye tsakanin injin da akwatin giya, wanda kanikawanmu ke kira bwat, kuma ba a ganinsa sai an sauke akwatin nan gaba ɗaya. Saboda haka dabarar duka ita ce a buɗe sau ɗaya, a yi abin da ya kamata, kada a sake buɗewa bayan wata uku. Muna magana ne fa kan motar mutum ta kansa. Motar ma'aikata tana da garajinta da takardunta, kada wani ya karanta wannan shafi ya je ya kwance ta gwamnati.

A bayan injin akwai wani babban faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa tare da shi, ana ce masa bolan. A jikinsa aka ɗaure wani murfi da ake kira filato, cikinsa akwai sifirin mai yatsu da yawa da suka nufi tsakiya kamar sandunan laima. Tsakanin bolan da filato kuma diski yake, fuskokinsa biyu an shimfiɗa musu wani abu mai kaushi irin na takalmin birki, cibiyarsa tana da haƙora da ke shiga cikin na sandar akwatin giya. Muddin ƙafar direba ba ta kan feda, filato yana matse diski a jikin bolan, injin da akwati suna juyawa tamkar abu guda. Da ya taka, sai wani ƙarfe mai baki biyu ya tura wata rulma da ake kira bute, ita kuma ta danna yatsun sifirin, matsin ya saki, a sami damar sauya giya.

Ke nan diski ba ya cinyewa sa'ad da yake matse, ba ya cinyewa sa'ad da yake sake. A tsakani ne yake ƙarewa, lokacin da yake gogar bolan. Hanyoyinmu kuwa sun iya tsayar da direba a wannan tsakani. Wanda ya bar kwalta ya faɗa rairayi da lodin ranar kasuwa, ya kafe, ya yi ta taka mai yana sakin feda rabi-rabi don ya fita, yana iya ƙone diski a yamma guda. Haka wanda ya saba ɗora ƙafa kan feda yana tafiya, da wanda ke riƙe mota a hawa da ambiriyaji maimakon birki.

Kafin a taɓa noti ko ɗaya, a tabbatar da cutar. A fili mai faɗi, inda babu mutum ko bango a gaba, a ja birkin hannu, a sa giya ta uku ko ta huɗu, a ɗan ba da mai, a saki feda sannu a hankali. In injin ya mutu nan take, diski yana da sauran rai. In ya ci gaba da aiki ƙafa tana sama, to ya ƙare. Amma in ƙorafin shi ne giya tana ƙin shiga, ko tana ƙara sa'ad da ake sa ta, sau da yawa laifin yana waje. A motar da ke aiki da mai, a duba ɗan kofin man birki na ambiriyaji: ko ya ragu, ko iska ta shiga, ko ɗaya daga cikin famfunan biyu yana yoyo. A mai aiki da waya, a duba ko wayar ta saki ko ta fara tsinkewa. Waɗannan duka ana gyara su ba tare da an sauke kome ba, kuma abin takaici ne mutum ya yini ƙarƙashin mota saboda robar famfo da ba ta kai girman dabino ba. Kukan da ke tashi in an taka feda, ya ɗauke in an saki, yawanci na bute ne, shi kam sai an buɗe.

Wajen saye ne mutane da yawa ke cutar kansu. Sukan sayi diski shi kaɗai don ya fi araha, su mayar da tsohon filato da tsohuwar bute. Alhali ukun nan tare suka yi aiki, tare suka tsufa. Sifirin da ya sha zafi ba ya matsewa kamar da, sai ya bar sabon diski yana zamewa, ya cinye shi da wuri. Bute kuma in ta tashi kuka, sai an sake sauke akwati dominta ita kaɗai. A ganina wanda ba shi da kuɗin ukun gara ya ajiye motar ya jira. Shi ya sa manyan masu ƙera su, irin su Valeo ta Faransa, da LuK da Sachs na Jamus, da Aisin da Exedy na Japan, suke sayar da su cikin kwali guda. Suna a jikin kwali dai ba shaida ba ce, domin jabu ya cika kasuwa. A tafi da lambar motar, in an kwance kuma a gwada tsoho da sabo gefe da gefe: faɗinsu ɗaya ne? Haƙoran cibiya adadinsu ɗaya ne? A zura sabon diski kan sandar akwati a ga yana shiga yana fita ba gardama. Diski na okaziyo, ko wanda aka sake wa fuska da hannu, yana iya fid da matafiyi daga daji, amma ba abin da za a yi wa wannan wahala ba ne a gida.

Bari mu ɗauki misalin Toyota Hilux mai ja da ƙafafun baya, domin ta yawaita a wurinmu kuma aikinta a bayyane yake. Motoci masu ja da ƙafafun gaba, irin su Corolla da Starlet, sun fi wuya ga ɗan koyo, don sai an cire sandunan tayoyin gaba, an kuma rataye injin daga sama. Peugeot 504, wadda ta fito a 1968 kuma aka daɗe ana haɗa ta a Kaduna, tana da nata hali: sandar bayanta tana cikin bututu da ke haɗe da akwati, har kanikawa da yawa sukan gwammace su ciro injin. Mota mai sauya giya da kanta kuwa galibi ba ta da irin wannan ambiriyaji.

Yanzu ga maganar da ta fi kowace nauyi a wannan shafi. Kirik, wato jak, an yi shi ne don ɗaga mota, ba don riƙe ta a kan mutum ba. Sauke akwati aiki ne na jijjiga da ja da turawa, kuma kirik da ke tsaye a kan rairayi ba ya bukatar jijjiga mai yawa kafin ya kwanta. A nemi daɓen siminti ko ƙasa mai tauri wadda ba ta da gangare. A tokare tayoyin da ke ƙasa gaba da baya. A ɗora motar kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don haka, ko kan manyan gungumen itace masu faɗi. Tubalin siminti mai rami yana fashewa ba tare da gargaɗi ba, kada a amince da shi. Sa'an nan mutum ya girgiza motar da ƙarfinsa duka kafin ya shiga ƙarƙashi. In za ta faɗi, ta faɗi yana tsaye. A kuma kori yara daga wurin, don babu abin da ke jawo su kamar mota a buɗe.

Sauran kwancewar bi da bi ne. A cire wayar batir ta ƙasa, mai alamar ragi. A cire sandar giya daga cikin mota, a tsiyaye man akwati. A sa alama da fenti inda kardan ya haɗu da gadar baya, don a mayar da shi yadda yake, sannan a sauke shi. Ƙaramin famfon da ke jikin akwati a kwance shi da tiyonsa a rataye gefe, kada kowa ya taka feda bayan haka. A cire demarar, da wayoyin fitilar baya da na ma'aunin gudu, da abin da ya ɗaure salansa. A tallafi bayan injin da kirik da guntun katako, a tallafi akwati, a kwance ƙarfen da yake zaune a kai, sai notocin da suka kewaye bakinsa. Akwatin yana da nauyin da mutum ɗaya a kwance ba zai iya sarrafawa ba, na mota mai ja da ƙafa huɗu kuwa ya fi haka nesa. A ja shi baya a miƙe, kada a bar nauyinsa ya rataya kan sandarsa. Dabara mai kyau ita ce a ɗauki hoto da wayar hannu a kowane mataki, a kuma huda kwali a jera notoci yadda suke a jikin mota, don tsawonsu ba ɗaya ba ne.

Da an buɗe za a iske baƙar ƙura. Kada a hure ta da baki ko da famfon iska. Shekaru da yawa ana yin fuskar diski da wani ma'adini mai suna amiyant, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar yana haddasa ciwon daji a huhu, kuma cutar takan bayyana ne bayan shekaru masu yawa. Faransa ta hana amfani da shi daga 1997, Tarayyar Turai daga 2005, amma ba dukan ƙasashe suka hana ba, kuma ido ba ya bambance mai shi da marar shi. A rufe hanci, a jiƙa tsumma a goge, a jefar da tsumman.

A sassauta notocin filato kaɗan-kaɗan, wannan sannan na daura da shi, don sifirin ya saki daidai. Kafin a zare tsohon diski a lura da fuskar da ke kallon injin. Sabon yawanci an rubuta masa, kuma galibi gefen da cibiya ta fi turowa shi ke kallon akwati. In aka juya shi, giya ba za ta shiga ba. Sai a duba bolan da kyau. Tabo mai shuɗi, ko tsaga, ko kwari da farce ke kamawa, alama ce sai an kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya share fuskarsa. Motocin gazuwal na zamani da yawa suna da bolan mai ɓari biyu da sifirin a tsakani, shi ba a share shi, sai canji, kuma yana da tsada. In an ga jiƙar baƙin mai a bayan bolan, robar da ke tare man injin ce ta mutu. A canza ta yanzu, in ba haka ba man zai jiƙa sabon diski ya sa mota karkarwa wajen tashi. Akwai kuma 'yar ƙaramar rulma a tsakiya, inda kan sandar akwati ke zama. Kuɗinta kaɗan ne, a canza ta.

Sabon filato yana zuwa da man hana tsatsa a fuskarsa, a goge shi tas, a wanke hannu kafin a taɓa diski. Giris kuma ɗan kaɗan ake shafawa a haƙoran sanda da inda bute ke zamewa, a share abin da ya yi saura. In ya yi yawa, juyawa za ta watsa shi kan diski.

Saita diski a tsakiya shi ne inda ake gane wanda ya iya. Da zarar an ɗaure filato, diski ba ya motsi, kuma in ya kauce ko da kaurin ƙwayar gero biyu ne, sandar akwati ba za ta sami hanya ba. Waɗansu kwalaye suna zuwa da ɗan sandan roba na saitawa. In babu, tsohuwar sandar akwati daga wurin masu kayan okaziyo ta fi kome kyau; in ita ma babu, kafinta yana iya feƙe itace daidai ramin. A zura shi ta cibiyar diski har cikin 'yar rulmar nan, sannan a ɗaure notoci zagaye uku ko huɗu, ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙarfin da suke bukata bai kai yadda ake zato ba: a tsofaffin Hilux da yawa kamar a rataya kilo 2 ne a bakin kile mai tsawon mita 1. Littafin motar shi ke da adadin gaskiya, kile mai ma'auni kuma ana iya aronsa. In an gama, sandan saitawa ya fito ba tare da an ja da ƙarfi ba.

Wajen mayar da akwati, a ɗaga shi ya yi daidai da injin, tazarar sama da ta ƙasa su zama ɗaya. In ya tsaya saura kaɗan, a sa giya, a juya sandar baya da hannu har haƙora su haɗu. Zai shige da kansa. Kada a ce za a jawo shi da notoci. Nan ne gajiya ke ba mutum mummunar shawara, rana ta yi, hannu ya mutu, saura yatsa biyu kawai. Wanda ya bi ta yakan lanƙwasa sabon diski ko ya fasa bakin akwati. Gara a sauke, a sha ruwa, a sake saiti.

Bayan an mayar da kome, a zuba man akwati irin wanda littafi ya ce har ya kai bakin ramin gefe. Sau da yawa shi ake mantawa. A duba feda tana da ɗan wasa a sama kafin ta fara tauri, kamar milimita 5 zuwa 15 a irin waɗannan Toyota. A gwada kowace giya injin yana aiki, a saurara, sannan a fita. Kilomita 500 na farko a tafi da ita a hankali, ba lodi mai nauyi, ba jan wata mota, kuma in da hali a kauce wa rairayi har fuskar diski ta zauna daidai a jikin bolan.