Kwarin Iva da tsaunukan Udi: Ziyara a ƙasar kwal ta Inugu

Matafiyin da ya taso daga Abuja da mota ta hanyar Lafiya da Makurɗi da Otukpo, idan ya iso mahaɗar 9th Mile, hanyoyi biyu ne a gabansa na shiga birnin Inugu. Ko dai ya bi babban titin da ya taso daga Onica, ko kuma ya karkata ta garin Ngwo ya gangara ta tsohuwar hanyar Milliken Hill, wadda ta nannaɗe jikin tsauni kwana bayan kwana. Wanda ya zaɓi ta biyun zai ga dutse a gefe ɗaya, kwazazzabo mai cike da itatuwa a ɗaya gefen, sannan can ƙasa rufin gidajen birnin a shimfiɗe. A ƙarƙashin wannan tsauni akwai ramukan da suka ciyar da jiragen ƙasan Najeriya da makamashi na tsawon shekaru fiye da arba'in, kuma a gindinsa akwai kwarin da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe ma'aikata 21 a rana ɗaya.

Galibin ma'aikatan gwamnatin tarayya da aiki kan kai Inugu ba su san wannan ɓangare nata ba. Sukan sauka a filin jirgin sama na Akanu Ibiam da ke Emene, su halarci taro a otal, su juyo. Alhali tazarar da ke tsakanin tsakiyar birnin da waɗannan wurare gajera ce, kuma abin da ya rage na tarihinsu yana lalacewa shekara bayan shekara.

Yadda kwal ya haifi birni

A shekarar 1909 ne Turawan binciken ma'adinai, ƙarƙashin jagorancin Albert Kitson, suka gano kwal a tsaunukan Udi. Aka fara haƙa a 1915, a 1917 kuma aka buɗe mahaƙar Kwarin Iva. Domin a fitar da kwal ɗin zuwa teku, gwamnatin Lugga ta kafa tashar jiragen ruwa ta Fatakwal, ta kuma shimfiɗa layin dogo mai tsawon kimanin kilomita 240 wanda ya iso Inugu a 1916. Ke nan birane biyu ne wannan ma'adini ya haifa. Sunan Inugu kansa daga ƙauyen Enugwu Ngwo da ke bisa tsaunin aka samo shi, ma'anarsa a harshen Igbo kuwa ita ce saman tudu.

Daga baya layin dogon ya miƙe arewa ta Makurɗi da Kafanchan, ya haɗu da na Kaduna, reshe kuma ya nufi Jos inda ake haƙar kuza. Jiragen da suka yi jigilar gyaɗa da auduga da fatu daga Arewa zuwa bakin teku da kwal ɗin Inugu suke tafiya. Haka ma tashar wutar lantarki ta Oji River da masana'antar siminti ta Nkalagu, duk da shi suka dogara.

Haƙar kwal a Inugu ta bambanta da irin wadda ake nutsawa ƙasa kamar rijiya. Kwal ɗin a shimfiɗe yake a cikin jikin tsauni, don haka sai a huda dutsen daga gefe, a yi ta bin jijiyar kwal ɗin zuwa ciki. Masu sara suna gaba da diga, a durƙushe ko a sunkuye saboda rufin ramin ba shi da tsayi. Bayansu akwai masu kafa gumagumai don tokare rufin, da masu tura akwatunan ƙarfe a kan ƙaramin dogo zuwa bakin rami. Da yawan akwatunan da aka cika ake lissafa ladan mai sara. A shekarun farko, ta hannun sarakunan da Turawa suka naɗa ake samo leburori, sau da yawa ba da son ransu ba. Mafi shahara a cikinsu shi ne Onyeama na garin Eke, wanda daga baya aka sa wa ɗaya daga cikin mahaƙun sunansa.

Ranar 18 ga Nuwamba, 1949

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsadar rayuwa ta sa ƙungiyoyin ƙwadago sun yi ƙarfi a faɗin ƙasar, musamman bayan yajin aikin gama-gari na 1945. A Inugu, ma'aikatan kwal sun daɗe suna kokawa a kan bashin albashi da suke ganin suna bin hukumar mahaƙar, da tsarin da ake ɗaukar mutum aiki yau a bar shi gobe, da kuma wulaƙancin shugabanni Turawa. A watan Nuwamban 1949 suka shiga tafiyar hawainiya a bakin aiki. Hukumar ta kori wasu masu sara, su kuma ma'aikatan suka zauna daram a mahaƙar suka ƙi fita.

Gwamnatin mulkin mallaka ta ji tsoron kada nakiyar fasa dutse da ke ajiye a mahaƙun ta faɗa hannun 'yan gwagwarmayar siyasa, sai ta tura 'yan sanda su kwashe ta. Ma'aikatan kuwa suka ɗauka cewa kwashe nakiyar share fagen rufe mahaƙar ne, wato raba su da abincinsu. Suka taru a Kwarin Iva, ba su da bindiga. Babban jami'in 'yan sanda, Bature mai suna F.S. Philip, ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka ji rauni.

Labarin ya girgiza ƙasar. Zanga-zanga ta ɓarke a Aba da Fatakwal da Onica da Kalaba, 'yan siyasar da ba sa ga maciji da juna kuma suka haɗu a kwamitin gaggawa guda. Kwamitin binciken da Sir William Fitzgerald ya jagoranta ya ɗora wa Philip laifin kuskuren yanke shawara, amma ba a gurfanar da shi gaban kotu ba. Masana tarihi na lissafa wannan rana a cikin abubuwan da suka gaggauta neman 'yancin kai. A yau akwai mutum-mutumin tunawa da waɗanda aka kashe a shataletalen New Market, a kan hanyar da ke zuwa kwarin. Ga ma'aikacin da ya saba jin batun mafi ƙarancin albashi da bashin ƙarin girma a taron ƙungiyarsa, tsayuwa a wannan wuri kan tuna masa cewa an taɓa biyan kuɗin irin wannan magana da rai.

Abin da ya rage a ƙasa

An kafa Hukumar Kwal ta Najeriya a 1950, kuma a ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya kai sama da tan dubu 900 a shekara. Daga nan sai komai ya juya. An gano man fetur a Oloibiri a 1956, hukumar jiragen ƙasa ta koma amfani da injinan dizal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya dakatar da aiki har ruwa ya cika ramuka da yawa. Yunƙurin farfaɗo da haƙar da injinan zamani daga ƙasar Poland a ƙarshen shekarun 1970 bai yi nasara ba. Zuwa farkon shekarun 2000, an daina haƙa a mahaƙun Onyeama da Okpara, waɗanda su ne suka rage.

Mai ziyara a yau zai tarar da Kwarin Iva a matsayin unguwar talakawa, inda jikokin ma'aikatan ke zaune a tsofaffin gidajen lebura masu jere. Bakin ramukan ciyayi sun rufe su, ƙarafan da suka rage sun yi tsatsa, ruwan da ke fitowa daga wasu ramukan kuma launinsa ja ne saboda sinadaran da yake wankowa, yana gangarawa cikin rafuka irin su Ekulu. Shiga cikin ramukan haɗari ne babba, domin rufinsu na iya rubzawa kuma iskar ciki ba ta da kyau. Abin da ya dace shi ne a nemi ɗan unguwa ya yi jagora, a fara da gaida dattawa, a kuma nemi izini kafin ɗaukar hoton mutane ko gidajensu.

A cikin gari ma kwal ya bar alamarsa a sunayen wurare. Unguwar Coal Camp, wadda aka gina wa leburori, ta zama cibiyar kanikawa da masu sayar da kayan gyaran mota, kusa da babbar kasuwar Ogbete. Unguwar GRA, inda Turawan mahaƙar suka zauna, har yanzu tana da faffaɗan filaye da manyan itatuwa, kuma wanda ya kwatanta unguwannin biyu zai ga yadda aka tsara birnin a kan bambancin launin fata. Reshen Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke titin Colliery yana riƙe da takardun tsohuwar Jihar Gabas, akwai kuma gidan tarihi na ƙasa a titin Abakaliki.

Baƙo daga Arewa yana da wani dalili na musamman na sanin tarihin birnin. Magajin garin Inugu na farko Bafulatani ne daga ƙasar Sakkwato, Malam Umaru Altine, ɗan kasuwar shanu da ya shiga jam'iyyar NCNC, kuma mutanen birnin suka zaɓe shi a shekarun 1950. Kwal ya tara mutane daga ko'ina, har baƙo ya samu damar shugabantar gari. Al'ummar Hausawa na nan har yau, musamman a kewayen babban masallacin titin Owerri a unguwar Asata.

Daji, kogo da ruwa

Tsaunin da aka huda don kwal shi ne kuma ya ba yankin wuraren shaƙatawarsa. A saman Milliken Hill akwai dajin Ngwo, wanda aka dasa da dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, irin na ƙasashen sanyi. An jera su layi-layi, ƙasan wurin a share yake da busassun ganyensu, shi ya sa iyalai da ɗalibai ke zuwa su shimfiɗa tabarma su wuni. Daga cikin dajin, wata siririyar hanya mai gangara sosai tana kai mutum zuwa wani kogo inda ruwa ke zubowa ta wata kafa a rufinsa, yana taruwa a ƙaramin tafki kafin ya zama rafi. Saukar ba ta da wuya kamar hawan dawowa, don haka mai ciwon gwiwa ya auna ƙarfinsa.

A arewa da nan, cikin ƙaramar hukumar Udi, akwai ruwan Awhum da ke faɗowa daga tsayin kimanin mita 30. Ana isa gare shi da ƙafa, ta cikin wani matsattsen kwazazzabo mai dogayen bangaye na dutse, inda a wurare da dama sai an taka cikin rafi. Wurin yana kusa da gidan masu ibada na ɗarikar Katolika, kuma mutane da yawa suna zuwa ne don addu'a, saboda haka ana son baƙo ya sa tufafin mutunci, ya kuma kauce wa hayaniya. Wanda yake da ƙarin lokaci zai iya zarcewa Ezeagu, inda ake da kogo da tafki da ruwa mai gangarowa a kan duwatsu, ko ya huta a bakin tafkin Nike da ke gefen birnin.

A mahaɗar 9th Mile ne aka fi sanin abincin nan da ake kira okpa, wanda ake yi da garin gurjiya da manja a dafa shi a ƙulle kamar alala. Akwai kuma abacha, wanda sunansa kan sa baƙon Arewa murmushi, alhali yankakken rogo ne da ake kwaɗawa da manja da kayan haɗi.

Nauyin da ke kan Abuja

A wasu ƙasashe, irin waɗannan wurare sun samu sabuwar rayuwa. A garin Blaenavon na yankin Wales a Birtaniya, mahaƙar Big Pit da aka rufe a 1980 ta koma gidan tarihi a 1983, inda tsofaffin ma'aikatanta suka zama masu yi wa baƙi jagora zuwa ƙarƙashin ƙasa. A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa yankin a jerin wuraren tarihi na duniya. A Inugu kuwa, tsofaffin da suka yi aiki a cikin ramukan suna ƙarewa, kuma duk wanda ya rasu ya tafi da abin da ya sani.

Wannan batu ya shafi Abuja kai tsaye. Tsarin mulki ya sa ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya. Hukumar Kwal mallakar tarayya ce, haka ma layin dogo da ma'adanar takardu da hukumar gidajen tarihi. Toshe bakin ramuka masu haɗari, da tace ruwan da ke fita daga cikinsu, da naɗar muryoyin tsofaffin ma'aikata, da ayyana Kwarin Iva a matsayin wurin tarihi na ƙasa, duk ayyuka ne da takardunsu za su bi ta teburan ma'aikatu a Abuja. Jami'in da ya taɓa taka wurin da ƙafarsa ba zai karanta irin wannan takarda kamar wanda bai taɓa ganinsa ba. Ƙasar da ke dogaro da man fetur a yau kuma tana da abin dubawa a birnin da ya ga yadda ma'adini ɗaya ke ɗaga gari, da yadda yake barinsa idan kasuwarsa ta mutu.

Ga mai niyyar zuwa, kwana biyu sun isa: ɗaya don kwarin da cikin gari, ɗaya don Ngwo da Awhum. Jirgin sama daga Abuja bai kai sa'a ɗaya ba, mai mota kuma ya yi tafiyarsa da rana. Yana da kyau a tuntuɓi mazauna gari a kan yanayin tsaro kafin a fita ƙauyuka, musamman ranar Litinin, wadda daga 2021 aka riƙa samun zaman gida na tilas a cikinta a wasu sassan Kudu maso Gabas. Da damina ruwan Awhum ya fi ƙarfi, amma hanyoyin ƙafa kan yi santsi kuma rafin kan cika. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne tafiya ta fi sauƙi, kuma ranar 18 ga Nuwamba, ranar da aka yi harbin Kwarin Iva, tana faɗowa daidai farkon wannan lokaci.