Daga Baitulmalin Katsina Zuwa Ofishin Kasafi: Ma'aunin Karrama Masu Nazarin Kasafin Kuɗin Jiha

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi bayanin aikin wani rukuni na ma'aikatan gwamnati waɗanda ba kasafai ake jin sunansu ba, watau masu nazarin kasafin kuɗi, sa'an nan mu nuna ma'aunin da ya dace a bi in za a karrama wanda ya yi fice a cikinsu. Mun ɗauki Katsina ta zama abin misali domin a nan ne aka fara kafa Baitulmalin En'e a Arewa. Batun ya shafi kowa. Mutumin unguwar Ƙofar Guga bai san mai nazarin kasafi ba, amma ko za a gyara kwatar da ke ƙofar gidansa kafin damina, ko malamin 'ya'yansa zai sami albashi a ƙarshen wata, duk sun rataya ne a kan lissafin da wannan ma'aikaci ya yi tun watanni da suka wuce.

2.0 Asalin Aikin a Katsina

Kafin zuwan Turawa, abin da aka tara na kuɗin ƙasa da jangali da zakka yakan bi ta hannun dagatai da hakimai har ya iso fada, kowa yana ɗibar rabonsa a hanya. Bayan an naɗa Sarki Muhammadu Dikko a 1906, Razdan H. R. Palmer ya shirya da shi aka buɗe Baitulmali, inda ake zuba rabon da En'e take samu daga haraji, ana biyan Sarki da hakimai da alƙalai albashi ƙayyadadde, abin da ya rage kuma a yi ayyukan jama'a da shi. Zuwa 1911 an bazu da wannan tsari a sauran masarautun Arewa.

Sabon abin da Baitulmali ya kawo shi ne ƙiyasi. Tilas ne kafin shekara ta kama a rubuta abin da ake sa ran samu da abin da za a kashe, kowane a ƙarƙashin kansa, sa'an nan in shekara ta ƙare a gwada ƙiyasin da abin da ya auku. Malaman haraji da akawunan Baitulmali su ne suka riƙa yin wannan aiki, kuma su ne kakannin masu nazarin kasafi na yau.

Ita masarauta tana da hanyarta ta girmama mai riƙon dukiyar jama'a, watau sarauta. Sarautar Mutawallen Katsina ta mai tsaron baitulmali ce. Alhaji Musa 'Yar'aduwa ya riƙe ta, haka kuma ɗansa Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi gwamnan jihar daga 1999 zuwa 2007. To, amma rawani ɗaya ne, kai ɗaya yake hawa. Akawun da ya kwana yana haɗa lissafi ba a yi masa tanadin komai ba, kuma wannan giɓi ya biyo mu har yau.

3.0 Yadda Aikin Ya Sauya

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen tsarin En'e, kuma a cikin shekarun 1970 aka soke jangali da harajin kai. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina daga Jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba, 1987, sai ta sami kanta, kamar yawancin jihohi, tana dogara ga kason da ake aiko mata kowane wata daga Asusun Tarayya, wanda kuɗin man fetur ne ginshiƙinsa. Akawun Baitulmali yana iya ƙidaya masu biyan haraji da shanun da ke ƙasar Katsina. Mai nazarin kasafi na yau kuwa sai ya yi hasashen farashin ɗanyen mai a kasuwar duniya da darajar naira, abubuwan da ba shi da iko a kansu. Mun ga sakamakon haka lokacin da farashin mai ya faɗi daga ƙarshen 2014, har jihohi da dama suka kasa biyan albashi, sai da Gwamnatin Tarayya ta kai musu ɗauki a 2015.

4.0 Abin da Mai Nazarin Kasafi Yake Yi

Sashe na 121 na Tsarin Mulkin 1999 ya wajabta wa gwamna ya gabatar wa Majalisar Dokokin Jiha ƙiyasin kuɗin shiga da na kashewa na shekara mai zuwa. A kan wannan takarda, mai nazari yakan yi aiki iri uku, biyu kafin ta kai majalisa, ɗaya bayan an sa mata hannu. Da farko yakan ƙiyasta kuɗin shiga, ta hanyar duba abin da aka samu a shekarun baya. Na biyu, yakan tace buƙatun ma'aikatu, waɗanda kusan kullum sukan fi abin da ke akwai yawa, ya raba kuɗin yau da kullum, kamar albashi da fansho, da kuɗin manyan ayyuka. Na uku, bayan an sa hannu, yakan bi diddigin yadda ake kashewa, ya rubuta rahoto duk bayan wata uku.

Wurin da aikin ya fi wuya shi ne na farko, domin a nan ne siyasa take matsa lamba. A ɗauka, alal misali, mai nazari ya ga abin da jiha za ta samu bai wuce naira 100 ba, amma buƙatun ma'aikatu sun kai naira 140. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara naira 40 a gefen kuɗin shiga, a kira su tallafi ko rancen da ake sa rai. Kasafin zai daidaita a takarda, kowa ya tafi yana murna. Amma tun da albashi ba ya jira, in kuɗin ba su zo ba manyan ayyuka ne za su sha kashi. A haka ne akan ga aiki ɗaya yana fitowa a kasafi shekara bayan shekara ba a aza ko tubali ba. Mai nazarin da ya tsaya a kan naira 100 ɗin nan shi ne ya yi wa jama'a hidima, ko da yake a ranar ba wanda zai gode masa.

5.0 Ma'aunin Karramawa

A Amurka, ƙungiyar jami'an kasafin jihohi, wadda aka kafa a 1945, tana ba da lambar yabo mai sunan George A. Bell ga ma'aikatan ofisoshin kasafi. A Nijeriya kuwa, shirin SFTAS na Bankin Duniya, wanda aka fara a 2018 da dala miliyan 750, ya ba jihohi tukuici in sun wallafa kasafinsu da rahoton odita a kan lokaci, suka kuma rage tazarar da ke tsakanin ƙiyasi da abin da aka kashe. Sai dai tukuicin asusun jiha ya shiga, yabon kuma gwamnoni suka sha. Bisa ga haka muke ganin a kafa karramawa ta ma'aikatan kansu, a kan ma'auni uku.

Na ɗaya, gaskiyar ƙiyasi. A gwada abin da mai nazari ya hasasa da abin da ya shigo, na shekara uku a jere, don kada sa'ar shekara ɗaya ta ruɗe mu. Girman kasafi kada ya shiga lissafi ko kaɗan.

Na biyu, bayyanawa. A duba ko rahotanninsa suna fita a kan kari, da kuma ko an fassara taƙaitaccen kasafin da Hausa yadda mai unguwa a Ƙofar Guga zai karanta wa jama'arsa su san abin da aka ware musu.

Na uku, horar da na baya, domin ofishin da ilminsa yake cikin kan mutum ɗaya yakan durƙushe ranar da ya yi ritaya.

Akwai haɗari guda da ya kamata mu kiyaye. In gwamna ko kwamishina ne zai zaɓi wanda za a karrama, to, lambar za ta koma ladan biyayya, ta faɗa hannun wanda ya yarda ya ƙara naira 40 ɗin da muka ambata. Saboda haka ya fi dacewa alƙalancin ya kasance a hannun Babban Oditan Jiha, wanda sashe na 125 ya ba 'yancin aiki, tare da kwamitin majalisa mai binciken asusun gwamnati da malaman jami'a.

6.0 Kammalawa

Mun nuna cewa aikin ƙiyasi ya haura shekara ɗari a Katsina, kuma har yanzu girmamawa ga shugaba take tsayawa. Shawararmu ita ce a faɗaɗa ta ta kai ga masu haɗa lissafin, a kuma ɗaura ta a kan alƙaluman da kowa zai iya dubawa. Saura batun ƙananan hukumomi 34 na jihar, inda ma'aji da akawunansa suke irin wannan aiki da ƙarancin kayan aiki. Muna fatan mahalarta za su tattauna ko ma'aunan nan uku za su yi amfani a can.