Tsakanin Yoyo da Zafi: Neman Ɗakin da Ba Ya Ɗiga, Ba Ya Gasa Mai Shi

Duk wanda ya taɓa wuni a ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu, a Kano ne ko Sakkwato ko Maraɗi, ba sai an ba shi labari ba. Da azahar kwanon kan ɗauki zafi har ka ji yana ƙas-ƙas. Fanka, in an yi sa'ar wuta, sai ta riƙa feso iska kamar ta bakin tanda. Da dare bulo ya saki zafin da ya sha tun hantsi, a kwaso tabarmi a fito tsakar gida, sauro ya samu na kalaci. Amma ka tsallaka lungu ka shiga zauren wani tsohon gidan ƙasa, sai ka ji sanyi ya ratsa ka kamar ka leƙa randa.

To, in haka soro yake, me ya kore mu daga cikinsa? Amsar tana watan Agusta. A kwana biyu ana tafka ruwa, rufi ya sha ya ƙoshi, a jera bokitai da kwanukan tuwo a tsakar ɗaki, maigida ya kwana ido biyu yana sauraron azara. Kwanon rufi, wanda wani injiniya ɗan Ingila mai suna Henry Palmer ya yi wa rajista a 1829, ya raba mu da fargabar damina, sai ya miƙa mu ga azabar bazara. An gudu, ba a tsira ba.

Gida dai aiki biyu ake nema a wurinsa kafin ado: ya tare ruwa, ya tare zafi. Da yawa daga cikin ƙirƙirar da aka yi a kayan gini cikin shekaru ɗari da suka wuce, ƙoƙari ne na samun biyun a tare.

Laso da makuba

Maginan Hausa ba su zauna ruwa na cin su ba. Katangar tubali mai kauri kan jinkirta zafi, ta yadda ranar da ta doke ta da hantsi ba ta isa cikin ɗaki sai can dare, lokacin da gari ya yi sanyi. Saboda ruwa kuwa, suna da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a kwaɓa da ƙasa a yi yaɓe. Suna kuma da laso, simintin gargajiya. Ana haɗa shi da katsi, wato ragowar da ke kwantawa a gindin karofin marina, wadda ake ƙonawa a daka, sai gashin jima daga majema, sai ruwan dafara mai yauƙi. Katsi ya ba da ƙarfi, gashi ya hana tsagewa, dafara ta ɗaure su. A shafe rufi da shi, a kafa indararo ya watsa ruwa nesa da gindin bango. Da irin wannan sani ne Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Cikas ɗin shi ne, ginin ƙasa sai da kiwo. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an duba, an toshe, an sake yaɓe. Da marina suka ragu, magina suka koma bulo da siminti, sai sanin ya fara bin masu shi kushewa.

Sirrin yana cikin iska

Me ya sa bargo ke da ɗumi alhali ba wuta a cikinsa? Iskar da ta maƙale tsakanin zarensa ce ke aikin. Ƙarfe na miƙa zafi nan take, shi ya sa cokali ke ƙona hannu a tukunya, muciya kuwa ba ta yi. Iskar da aka hana motsi ta fi muciyar ma rowar zafi. Don haka kusan duk abin da ake sa wa gini don tare zafi, dabara ce ta kama iska a ɗaure ta a ƙananan ramuka. Bargon da ke hana ɗumi fita a Turai, shi ne ke hana zafi shiga a Sahel.

A 1932, wani mai bincike a kamfanin gilashi na Owens-Illinois a Amurka, Dale Kleist, yana ƙoƙarin manna bulon gilashi biyu, sai iska mai ƙarfi ta bugi narkakken gilashin bisa kuskure, ya tarwatse ya zama siraran zare kamar auduga. Shi da abokin aikinsa Games Slayter suka inganta dabarar, kuma a 1938 aka kafa kamfanin Owens-Corning don sayar da wannan audugar gilashi, wadda har yau ake shimfiɗa ta a bisa silin. A Denmak kuwa, a 1937 kamfanin Rockwool ya fara narka dutse yana kaɗa shi ya zama ulu. Amfanin ulun dutse shi ne wuta ba ta cin sa.

Sai kuma soso. A shekarar 1937 ɗin dai Otto Bayer na Jamus ya gano sinadarin da ake yin soson katifa da shi, wanda wani nau'insa mai tauri ke cikin bangon firji da kular ƙanƙara. A yau ana fesa shi a ƙarƙashin kwano, ya kumbura ya cike kowace kafa, ko a matse shi tsakanin fallen kwano biyu a sayar da su a haɗe. Farin soson nan marar nauyi da ke zuwa cikin kwalin talabijin, shi ma ana yanka shi allo-allo a jera a bango.

Wanda ya fi ban mamaki shi ne erojel, da Samuel Kistler ya ƙirƙiro a Kalifoniya a 1931. Ka tuna romon ƙafar sa da ya kwana cikin hunturu ya daskare. A ce za ka zare duk ruwan da ke cikinsa, ka bar saƙar da ta riƙe ruwan a tsaye ba ta rushe ba, iska ta maye gurbin. Abin da Kistler ya yi ke nan, amma da sinadarin yashi. Sakamakon wani abu ne shuɗi-shuɗi kamar daskararren hayaƙi, fiye da kashi 90 cikin 100 nasa iska ce, kuma siririn fallensa kan yi aikin ulu mai ninkin kaurinsa. Hukumar NASA ta yi amfani da shi wajen kamo ƙurar tauraro mai wutsiya, aka dawo da ita duniya a 2006. Tsada ce ta hana shi shiga gidan talaka. Haka ma allunan da ake zuƙe iskar cikinsu ƙaf, irin dabarar fulas ɗin shayi da James Dewar ya fito da ita a 1892. Suna da ƙarfin tare zafi ƙwarai, sai dai ƙusa ɗaya in ta huda su, aikin ya ɓaci.

Toshe wa ruwa hanya

Ta fuskar ruwa, kwalta ce uwa. A tsohon birnin Mohenjo-daro da ke Pakistan ta yau, an tarar da babban kwamin wanka da aka liƙe da kwalta fiye da shekaru 4,000 da suka wuce. Aibinta shi ne rana na narka ta, sanyi na fasa ta. A shekarun 1960 aka fara gauraya ta da roba a Turai, ana yin ta fallaye a naɗe kamar darduma. Ita ce ake gani ma'aikata na warwarewa a saman dekin bene, ɗaya na tafe da wutar gas yana narka bayanta, ɗaya na dannawa.

Mutane da yawa sun ɗauka kankare ba ya shan ruwa. Yana sha, domin cike yake da ƙananan ƙofofin da ido ba ya gani. Ta nan laima ke hawowa daga harsashi, fenti ya kumbura ya ɓare, wani fari-fari kamar kanwa ya fito a gindin bango. In ta kai ga rodi, ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki. A 1910 Kaspar Winkler ya fito da wani ruwan magani a Suwizalan da ake zubawa cikin kwaɓin siminti don toshe ƙofofin nan, ya sa masa suna Sika-1. Maganin ya yi suna ne daga 1918, lokacin da hukumar jiragen ƙasa ta ƙasar ta yi amfani da shi wajen hana ɗiga a ramukan dutsen Gotthard, domin za a ja wayar lantarki a ciki.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ma haka. Wannan ya sa Henk Jonkers na Jami'ar Fasaha ta Delft a Holan ya nemi kankaren da zai ɗinke kansa. Yana zuba wasu ƙwayoyin bakteriya cikin kwaɓi tare da abincinsu. Sai su yi ta barci shekara da shekaru. Ranar da kankaren ya tsage ruwa ya shiga, su farka su ci abincin, su fitar da dutsen farar ƙasa ya cike tsagar, muddin ba ta kai faɗin milimita ɗaya ba.

Akwai kuma darasin da ya shafe mu kai tsaye: bango na bukatar numfashi. Kamfanin DuPont na yin wani falle mai kama da takarda, Tyvek, da ake naɗe gidajen katako da shi a Amurka. Ɗigon ruwa ba ya ratsa shi, amma tururi na fita. Makuba ma haka take aiki. Shi ya sa in aka yi wa katangar ƙasa filastar siminti, sau da yawa sai laima ta maƙale a baya, ƙasar ta ruɓe a ɓoye, wata rana filastar ta ɓallo gaba ɗaya kamar ɓawon rogo.

Farin fenti da baƙin labari

Hanya mafi araha ta rage zafi ita ce kada a bar shi ya shiga tun farko. Mai farar riga ya fi mai baƙa jin daɗin rana, rufi ma haka. Bayan tsananin zafin watan Mayun 2010 ya kashe mutum fiye da 1,300 a birnin Ahmedabad na Indiya, hukumomi suka fito da shirin kare jama'a a 2013, daga baya aka bi dubban gidajen talakawa ana shafe rufinsu da farar ƙasa. A 2021 kuma, Xiulin Ruan da abokan aikinsa a Jami'ar Purdue ta Amurka suka haɗa fentin da ke mayar da kashi 98.1 cikin 100 na hasken rana, har abin da aka shafa ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Mu kuwa yanzu yayin rufi baƙi da ruwan ƙasa muke, don ya fi kyau a hoto.

Sai dai ba kowace ƙirƙira ce alheri ba. An daɗe ana yabon asbesto don ba ya cin wuta, aka yi silin da rufi da shi a ko'ina, kafin a tabbatar ƙurarsa na haddasa sankarar huhu. Birtaniya ta haramta shi baki ɗaya a 1999. Mai tsohon silin irin wannan kada ya bari a fasa shi ko a yanka shi da zarto a bushe. Ranar 14 ga Yunin 2017 kuma, wuta ta tashi daga firji a benen Grenfell mai hawa 24 a Landan, ta bi allunan ado da soson da aka lulluɓe ginin da su ta waje, ta haye sama cikin mintoci. Mutum 72 suka rasu. Soso na tare zafi, amma in ba a rufe shi da abin da wuta ba ta ci ba, makamashi ne.

A haɗa tsoho da sabo

A ƙauyen Gando na Burkina Faso, Francis Kéré ya gina makarantar firamare a 2001 da bulon ƙasa. Bai ƙi kwano ba. Ɗaga shi ya yi sama a kan ƙarafa, ya bar sarari tsakaninsa da silin na ƙasa mai huji-huji. Kwano ya tare ruwa, ƙasa ta tare zafi, iska ta bi tsakani ta kwashe hucin. A 2022 ya zama ɗan Afirka na farko da ya karɓi kyautar Pritzker, mafi daraja a fannin zanen gine-gine. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, suka gina sabo da matsattsen bulon ƙasa, aka kammala a 2018. Da maginan yankin aka yi aikin.

Ba sai mai gini ya jira erojel ya yi araha ba. Leda mai kauri a kan harsashi kafin a ɗora bulo, tsayin ɗaki mai isa, kafofin iska a ƙarƙashin rufi, kwano mai haske, ɗan ulu ko soso mai kariya a bisa silin, baki mai faɗi da zai kare bango daga feshi: duka abubuwa ne da zai iya yi tun yau. Jami'o'inmu kuma, da akwai aiki a gabansu na auna laso da makuba a ɗakin gwaji, a san gwargwadon haɗinsu tun masu sanin suna raye.

Abin da aka shimfiɗa tsakanin kwano da silin, ba baƙon da zai gan shi ya yaba ranar tarewa. Amma shi zai yanke hukunci, in Afrilu ya zo, ko a gadonka za ka kwana ko a tsakar gida.