Tsohuwar Motar Amurka A Hanyar Boɗinga Da Shagari: Gado Ce Ko Kaya?

Daga Wakilinmu a Sakkwato

Duk wanda ya yi wayo kafin yaƙin basasa yana iya tuna irin motocin da manyan Arewa suke shiga a wancan zamani, watau dogayen motocin nan na Amurka irin su Chevrolet da Pontiac, masu faɗin ƙirji da ƙyallin ƙarfe gaba da baya. A yau mutum yana iya wuni a bakin titin da ya fito daga Sakkwato, ya ratsa Boɗinga da Shagari, ya nufi Tambuwal da Jega, bai ga ko guda ɗaya ba. Inda aka ci sa'a wata ta rage, za a tarar da ita kwance a garejin gida, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe ta. Magada kuwa ra'ayinsu yakan rabu biyu, wasu su ce a tashe ta don tunawa da mahaifi, wasu su ce a kira 'yan gwangwan.

Ba lalacewa ce ta fara korar waɗannan motoci daga hanya ba. A 1975 aka soma harhaɗa Fijo a Kaduna, ba da jimawa ba kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da 504 motar hukuma. Ma'aikacin da ya sami bashin mota, Fijo ko Boswaja yake nufa. Kanikawa suka koyi aiki a kansu, 'yan kasuwa suka cika shaguna da kayansu. Da gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, aka ƙuntata shigo da kaya daga waje, sai mai motar Amurka ya wayi gari kamar maraya.

Abin mamaki shi ne injin kansa ba shi da wuyar sha'ani. Injin Chevrolet mai silinda takwas, wanda aka fara ƙerawa a 1955, zubin ƙarfe ne mai kauri, babu kwamfuta a jikinsa, kuma bakaniken da ya san kafireta da fulogi zai gane kansa a wuni guda. Zafin ƙasarmu ne babban abokin gabarsa. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana a wannan yanki yakan haura digiri 40, tsohon lagireto kuma cikinsa ya riga ya toshe da tsatsa da gishirin ruwan rijiyar da aka daɗe ana ɗura masa. Da ruwa ya tafasa, direba bai lura ba, sai gasket na kan inji ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Aikin da wankin lagireto da sabon fambel za su tare, ya koma sauke inji ɗungurum.

Akwai kuma wata cuta da take ruɗa mutane. Bututun mai yana bi ta kusa da inji mai zafi, don haka da tsakar rana fetur yakan zama tururi a cikinsa, famfon mai ya kasa turawa, mota ta mutu a tsakiyar hanya alhali tanki cike yake. In ta huce sai ta tashi kamar babu abin da ya faru, har mai ita ya soma zargin sammu. Kada kuma ya sa rai yaran gari za su tura masa ita ta kama kamar yadda ake yi wa Fijo, domin mai canza giya da kanta ba ta tashi da turin hannu. Lokacin hunturu kuwa ƙura ce take cika kafireta, ta riƙa cin zoben fistin a hankali.

Fetur ɗin ma ba irin wanda aka ƙera ta dominsa ba ne. A da ana zuba masa sinadarin darma wanda yake kare mazaunin bawul daga cinyewa, amma saboda illarsa ga lafiyar jama'a an daina, har ya ƙare a duniya baki ɗaya a 2021. Injin da aka yi kafin 1970, in za a riƙa doguwar tafiya da shi, sai an sa masa mazaunin bawul mai tauri.

A ganin wannan wakili, birki ne ya fi cancanta a fara kashe wa kuɗi, ko da yake shi aka fi mantawa. Yawancin motocin Amurka na kafin 1967 hanyar man birki guda ɗaya gare su, saboda haka in roba ɗaya ta fashe, ƙafafu huɗun duka sun rasa birki lokaci guda. Mai karatu ya ƙiyasta motar da nauyinta ya doshi tan biyu ta shigo Boɗinga ranar kasuwa a haka, ga jakuna, ga 'yan kabu-kabu, ga yara masu talla.

Wata ƙaramar matsala mai jawo babbar hasara ita ce ta awo. An ɗaure motar Amurka ta wancan zamani da noti na awon inci, alhali kuwa sufanun kanikawanmu na milimita ne. Rabin inci milimita 12.7 ne, in aka ɗora masa sufana mai lamba 13 za ta shiga, amma da ɗan sako-sako, in notin ya yi tsatsa sai ta cinye kansa, a koma ga guduma da kurfi.

To, sai batun kuɗi. A lissafin sassauci irin wannan mota tana shan kimanin lita 20 a kilomita 100, kusan ninki biyu na abin da 504 take sha. A 1982, lokacin da litar fetur ta koma kwabo 20, wannan tafiya Naira 4 ce, mafi ƙarancin albashi kuwa Naira 125. Bayan janye tallafin mai a 2023, lita ta haura Naira 1,000 a ƙarshen 2024, watau tafiyar ta zama Naira 20,000 ko fiye, a shekarar da aka tsai da mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000. Abin da a da bai kai kashi 4 cikin 100 na albashin ƙaramin ma'aikaci ba, ya zarce rubu'insa.

Kayan gyara sun fi wannan ciwo. Ana iya zagaya Ƙofar Ruwa a Kano, da Fanteka a Kaduna, har Ladipo a Legas, a dawo hannu rabbana. A Amurka ana ci gaba da ƙera kayan tsofaffin Chevrolet, musamman Impala wadda aka sayar da fiye da miliyan ɗaya a 1965 kaɗai. Pontiac kuwa an rufe ta a 2010, kayanta sun fi wuyar samu. Ko an samu, da dala za a biya. Kayan dala 100 bai kai Naira 70 ba a 1982, amma a 2024, da dala ta wuce Naira 1,500, ya haura Naira 150,000, tun ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan ba.

Mutanen ƙasar Kyuba sun sha irin wannan, domin tun farkon shekarun 1960 takunkumin Amurka ya yanke musu kayan gyara. Dabarar da da yawansu suka yi ita ce cire injin asali su dasa wani, sau da yawa na dizal, suna ɗaukar fasinja da motocin. Kanikawan Sakkwato ba za su gaza wannan ba. Sai dai magada su sani cewa ranar da aka sauke injin asali, darajar motar a idon masu tara tsofaffin motoci ta faɗi ƙwarai.

Wanda ya ƙudura tashin tasa, kada ya sa batir ya murɗa makulli a ranar farko. A zubar da tsohon fetur a wanke tanki, a cire fulogi a ɗiga mai a kowace silinda, a juya injin da hannu a ji ko ya kafe. Kafin ma a kai ga haka, a leƙa ƙarƙashinta a duba ko tsatsa ta ci shasi, a kuma duba gilashin gaba. Lanƙwasasshen gilashi ne wanda mai yankan gilas ba zai iya yanko irinsa ba, in ya tsage sai an yi odarsa daga ƙetare a cikin akwatin katako.