Daga Tamale Zuwa Madina: Awa Shida a Sama, Awa Tara a Agogo



Dattawan Zogbeli suna ba da labarin mutanen da suka tafi aikin Hajji a ƙasa. Sukan bi ta Kano da Barno, su ratsa Cadi da Darfur har gaɓar Bahar Maliya, sannan su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana yada zango a nemi guzuri. Wasu sun dawo da furfura, wasu kuwa sun zauna a Sudan, zuriyarsu na can har yau.

Ko bayan zuwan jirgin sama, maniyyacin arewa sai ya yi tafiyar kusan kilomita 600 a mota zuwa Ankara, ya jira a sansanin alhazai. A shekarar 2016 ne aka fara ɗaukar maniyyata daga filin jirgin Tamale kai tsaye zuwa Madina. Tsakanin biranen biyu akwai kimanin kilomita 4,600, jirgi kuma yakan cinye su cikin awa shida ko kusa da haka.

Sai dai akwai lissafin da mutane da yawa ba sa yi. Agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa uku. Idan jirgi ya tashi ƙarfe 10 na safe, zai sauka ƙarfe 4 na yamma a agogonmu, amma a Madina ƙarfe 7 ne, rana ta faɗi ko tana gab da faɗuwa. Ke nan Azahar da La'asar a sama za su riski matafiyi. Saboda haka ya kamata maniyyaci ya zauna da malaminsa tun a gida, ya koyi hukuncin ƙasaru da haɗa salloli da yadda ake salla a jirgi, kuma ya shiga da alwalarsa. Wanda zai fara sauka Madina ba ya ɗaura harami a Tamale. Mikatinsa Zul-Hulaifa ne, ranar da zai kama hanyar Makka, tafiyar sama da kilomita 400.

Ga masu sallamar iyaye tsofaffi: a sa musu magunguna a jakar hannu, domin babbar jaka ba ta zuwa hannu sai bayan sauka. A tuna musu su sha ruwa, su riƙa miƙe ƙafa. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya tambayi likita yadda zai gyara lokacin shan magani. Mu da ke gida kuma mu lura: ƙarfe 9 na darenmu tsakar dare ne a can, kada kiran wayarmu ya hana Hajiya barci.

Allah Ya kai alhazanmu lafiya, Ya karɓi ibadarsu, Ya maido mana da su lafiya. Amin.