Wa Ke Ɗauko Labarin Paki?

Mutumin Paki mai rediyo a gefen tabarma zai iya faɗa maka abin da aka tafka jiya a Majalisar Dattawa a Abuja, da inda aka kwana a yaƙin Sudan. BBC ta fara yi masa magana da Hausa tun 1957, ga DW, ga RFI. Amma tambaye shi nawa ƙaramar hukumarsa ta Ikara ta karɓa daga asusun tarayya a watan jiya, ko wa aka ba kwangilar gyaran ajin da rufinsa ya yaye, sai ya ce maka ya dai ji ana cewa.

Ba haka aka faro ba. A Zariya, nan kusa, aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairun 1939, Abubakar Imam na editanta, kuma wasiƙun masu karatu daga garuruwa na cikin abin da ya sa ta farin jini. Daga 1954 hukumar NORLA, wadda aka kafa don yaƙi da jahilci, ta riƙa buga wa larduna jaridunsu: Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato, Bazazzagiya ta lardin Zazzau. Jaridun hukuma ne, ba masu taka wa En'e burki ba ne, wannan gaskiya ne. Sai dai a wancan zamani an yarda cewa lardi ma yana da labarin da ya isa a buga. NORLA ta rushe a 1959. Ita kuwa Gaskiya, da ƙanwarta New Nigerian da aka fara a Kaduna a 1966, sun ƙare a hannun gwamnonin Arewa goma sha tara, ma'aikata na bin bashin albashi har injinan suka yi shiru.

Yau tashoshi sun yi yawa. Akwai Rediyon Najeriya Kaduna da KSMC da Nagarta da Liberty da Alheri, ga na Kano da muryarsu ke ƙetaro iyaka, ga jaridar Aminiya da ake bugawa tun 2006. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wakili mai albashi da zai zauna a Ikara ko Makarfi ko Hunkuyi. Wakilai suna Kaduna, kaɗan a Zariya, kuma da yawansu kafar da suke wa aiki ba ta ba su kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, zuwa Paki daga Kaduna da komawa ya zama hidima. To wa zai biya? Wanda ya kira taro. Shugaban ƙaramar hukuma zai raba taki, ko ɗan majalisa zai raba kekunan ɗinki, sai a aika mota, a ɗauko 'yan jarida, a sallame su da ambulan. Ba na cikin masu saurin zagin wakilin da ya karɓa, don shi ma yana da iyali. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin a nan shi ne kada a koma bayan wata uku a tambayi manoma ko takin ya iso hannunsu.

Gidajen rediyon ma da dizal suke aiki, ga kuɗin lasisi. A watan Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta sanar da soke lasisin tashoshi fiye da 50 saboda bashin da take bin su. Tashar da ke cikin wannan hali fili take sayarwa, kuma mai sayen fili ɗan siyasa ne ko sojojin bakansa, sai masu maganin gargajiya. Manomin rake na Kudan ba ya sayen fili.

Shi ya sa sunan yankin ba ya fitowa sai da musiba. A watan Satumban 2023 duniya ta ji sunan Saya-Saya a ƙaramar hukumar Ikara, domin 'yan bindiga sun kashe masallata. A 2016 tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci, amma labarin ya fi amo ne a matsayin tsadar kwandon tumatir a Legas da Abuja. Manomin da ya ci bashi ya zuba a fadama, me ya same shi a shekarar da ta biyo? Kamfanin sarrafa tumatir na Ikara, da aka sha farfaɗowa yana komawa barci, yaushe yake saye, kuma a kan nawa? Irin wannan labari sai mai zama a gari, wanda zai bi shi wata da watanni.

Samari masu wayoyi sun shiga wannan giɓi, kuma sun yi abin a yaba. Su ke ɗaukar hoton gadar da ruwa ya cinye su sa a Facebook, su ke yaɗa cigiya da sanarwar rasuwa a WhatsApp. Matsalarsu biyu ce. Ba edita a bayansu da zai ce a ji ta bakin ɗaya ɓangaren, don haka ƙarya da gaskiya tare suke tafiya, wasu kuma 'yan siyasa ke sa musu data. Sannan ba lauya a bayansu. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 an sha kama masu rubutu da shi a Najeriya, ko bayan gyaran da aka yi masa a 2024.

Akwai kuma abin da ɗan jaridar birni bai cika fama da shi ba: kusanci. A Paki, kansilan da za ka rubuta a kansa wataƙila surukin yayanka ne, sahu ɗaya kuke sallah. Kafin magariba an kai ƙararka wurin mahaifinka, an ce yaro ya rufa wa gari asiri. Wannan ta fi ɗan sanda saurin rufe baki.

Lokacin kuwa ba na shiru ba ne. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ko an aiwatar ko ana jan ƙafa, alƙaluman abin da aka ware wa Ikara da Makarfi da Kudan ana fitar da su duk wata, kowa na iya gani a intanet. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takardar mai tambaya. A 2015 gwamnatin tarayya ta amince da lasisin rediyon al'umma guda 17 a faɗin ƙasa, wato ƙofar a buɗe take. Ƙungiyoyin ci gaban gari da ke tara kuɗin gyaran maƙabarta da masallaci za su iya ɗaukar nauyin matashi ɗaya, a tura shi ya koyi aikin a sashen aikin jarida na Jami'ar Ahmadu Bello, a ba shi babur da albashin da zai sa ya iya mayar da ambulan.