Mashigar da Muka Bari Babu Mai Gadi

Duk wanda ya san ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi ya san ma'anar iyaka. Daga Tsamiya, 'yar tafiya kaɗan mutum zai yi ya tsinci kansa a Segbana ta Jamhuriyar Benin, inda sefa ke karɓar ragama daga naira, Faransanci kuma daga Turanci. Babu ɗan kasuwar da zai nufi wannan mashiga da lodin albasa bai san hannun da kayansa za su ratsa ba. Amma akwai wata mashigar da muke bi safe da yamma ba tare da mun tambayi mai tsaronta ba, wato manhajar shiga intanet, wadda ake kira burawza.

Ta nan takardunmu ke wucewa a yau. Ejan mai fitar da kaya yana aiki da B'Odogwu, tsarin da hukumar kwastan ta fara amfani da shi a 2024. Ma'aikaci a Ka'oje ko Illo yana biyan kuɗin gwamnati ta Remita, uba yana duba sakamakon JAMB na ɗansa. Duk da haka, akasarinmu wadda muka tarar a waya muke amfani da ita, ko wadda yaron shago ya ɗora mana.

A ɗauki Opera Mini, wadda ta fito a 2005 ta kuma samu karɓuwa a ƙasar nan saboda tattalin data. Ba a raina mata. A wuraren da sabis ke zuwa yana ɗaukewa ta yi wa talaka rana. Sai dai mai karatu ya san yadda take yin wannan tattali. Idan an kunna mata matsi mafi tsanani, shafin da ka nema ba ya zuwa wayarka kai-tsaye. Sai ya yada zango a kwamfutocin kamfanin, a kwance shi, a matse, a sake ɗaurewa, sannan a miƙo maka. Tamkar dillali ne da ke sauke kayanka a rumbunsa kafin ya tsallakar da su. Don karanta labarai babu laifi, amma ban ga hikimar bi ta nan da lambobin asusun banki ba. UC Browser kuwa, tun a 2015 cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto ta nuna tana fitar da bayanan masu amfani da ita ba tare da cikakkiyar kariya ba, kuma Indiya ta haramta ta a 2020.

Matsalar ta fi muni a shagunan buga takardu da ofisoshinmu. Microsoft ya yi wa Internet Explorer ritaya a watan Yunin 2022. Chrome ta daina sabunta kanta a kan Windows 7 tun farkon 2023. Kwamfutar da ke wannan hali gida ne da aka san inda katangarsa ta rushe, kuma ba mai zuwa gyara. A cikinta ake shigar da lambar NIN ta jama'a, alhali dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora alhakin tsaronsu a wuyan wanda ya karɓa.

A ganina, Firefox ce ta fi dacewa da mai aiki a bakin iyaka. Kamfanin Mozilla ya fitar da ita a 2004, kuma tana barin mutum ya tsara ta yadda yake so. Ko a wayar Android ana iya ɗora mata uBlock Origin, ƙaramar manhajar da ke tare tallace-tallace da masu bibiyar sawu, waɗanda su ne ke lamushe data, su kuma jefo saƙonnin "ka ci kyauta". Chrome ta soma rufe wa cikakkiyar wannan manhaja ƙofa daga 2024, abin da ba zai ba kowa mamaki ba, tunda talla ce abincin Google. Bugu da ƙari, tun 2023 Firefox tana fassara shafin Faransanci zuwa Turanci a cikin na'urar kanta, ba tare da ta aika rubutun ko'ina ba. Ga mai hulɗa da Kandi da Kwatano, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ba ta rasa nata aibu ba. Mai son fassara zuwa Hausa sai ya koma wa Google, wasu shafukan kuma an gina su ne da Chrome kaɗai a zuciya, saboda haka kada a goge ta. Ita kanta Mozilla mafi yawan kuɗinta daga Google yake fitowa. Wanda wannan ya dame shi yana iya gwada Brave, mai tare talla tun daga sauko da ita.

Ƙaurar ba ta cin rabin sa'a. A kwamfuta, sabuwar burawzar za ta nemi izinin kwaso shafukan da aka adana da kalmomin sirri daga tsohuwar, sannan a sa musu babban makulli guda. A kwamfutar shago kuwa a buɗe tagar sirri, a kuma rufe ta kafin a tashi, ko da yake ba ta hana mai shagon gani idan ya dasa abin leƙe. Wajen sauko da ita, a bi ta Play Store ko shafin kamfanin, a bar kunnawa a wurin sabuntawa. Wadda aboki ya turo ta Xender, babu mai iya shaidar abin da aka cusa mata a hanya.